Ɓarawo mai fara'a da Kawu mai surutu

Daren Asabar muka taru a ɗakin yayana a unguwar Nima da ke Accra, aka kunna wani fim na soyayya da barkwanci. Ɓarawo ya je satar sarƙar gwal, sai ya kamu da son 'yar mai gidan. Gaskiya na yi dariya har da hawaye, musamman inda ya ɓuya ƙarƙashin gado wayarsa ta hau ƙara.

Amma don Allah, me ya sa 'yan sandan irin wannan fim kullum wawaye ne? Mutum ya manna gashin bakin ƙarya, sufeto ya gaishe shi ya wuce! A unguwar Maamobi ko hula ka canza, mai waakye (shinkafa da wake) za ta kira sunanka har da na kakanka. Yarinyar kuma, an kwashe gwal ɗin uwarta, fushinta bai kai minti 5 ba.

Kawu ne ma ya fi ƙona min rai. Ya riga ya kalla, sai ga shi yana cewa, "Ku lura, direban nan zai ci amanarsa." Na ce, "Haba Kawu, a bar mu mana." Wai taimakonmu yake yi. Saura kaɗan a gama kuma, dumsor, aka ɗauke wuta.