Lambobi Shida da Agogon Wayata

A kamfaninmu na sayar da farantan sola da batura a Kano ni ake kira Injiniya, don kawai wata rana na zaro takardar da ta maƙale a firinta. Shi ya sa da Alhaji ya biya kuɗin wani shafin intanet mai tattara bayanan masu saye, wato sunan kamfani, wanda ke riƙe da sashen sayayya da imel ɗinsa, ni aka ɗora wa buɗe asusun.

Tun a bakin ƙofa aka ce in tabbatar ni mutum ne, in zaɓi hotunan da ke da famfon kashe gobara na bakin titi. Ni da na tashi a Fagge ina na san wannan jan ƙarfen? Na danna duk abin da ya yi kama da tukunyar gas. Da ƙyar na'ura ta yarda ni ɗan Adam ne.

Sai tantancewa mai mataki biyu. Na haska wayata a kan zanen QR, manhajar Google Authenticator ta fara ba ni lambobi shida masu sauyawa duk daƙiƙa 30. Na shigar, aka ce ba daidai ba. Na jira sabuwa, na yi bisimilla, na shigar da yatsa ɗaya a hankali. Haka dai. Alhaji na tsaye a kaina, ƙamshin turarensa ya cika ofis.

"Injiniya, dala fa na biya, ba naira ba."

"Ranka ya daɗe, sabis ne."

Maganar da ke raba kowace gardama a ƙasar nan ke nan, amma ranar ba ta yi aiki ba, don 'yar bautar ƙasar da ke mana lissafi ta leƙo. Ta dubi agogon bango, ta dubi wayata, ta ce, "Yallaɓai, wayarka na gaba da minti goma." Ta yi bayani cewa ba aiko lambar ake yi ba. Zanen QR ya ba wayar wani sirri wanda shafin ma yana riƙe da shi, kowannensu yana haɗa sirrin da lokaci ya fitar da lamba. Ashe lambar da ba a kai ga lokacinta ba nake ta miƙa musu.

Na kira gida.

"Maman Abba, wa ya taɓa min agogon waya?"

"Ni ce, tun bayan ƙaramar Sallah. Ba ka ga yara sun daina makarar makaranta ba?"

Na mayar da agogo ya riƙa saita kansa, nan take ƙofa ta buɗe. Saura mabuɗin API da zai haɗa shafin da rumbun kwastomominmu: dogon jerin haruffa da lambobi, tare da gargaɗin cewa sau ɗaya za a nuna shi, kuma duk wanda ya riƙe shi ya riƙe asusun. Ina kwafewa na ji ƙyas a bayana. Alhaji ya ɗauki hoton allon, ya tura zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Sabon Gari, ya rubuta a ƙasa: "Alhamdulillah, mun shiga zamani."

'Yar bautar ƙasa ta ja kujera, ta ce, "Yallaɓai, nemo wajen soke mabuɗi."