Mastar dokar ƙasa da ƙasa ba ta 'yan diflomasiyya ba ce kawai

Wallahi maganar nan ta fara isata. Duk wanda ya ce zai yi masta a dokar ƙasa da ƙasa da ta kasuwanci sai ka ji an ce masa, to kai Majalisar Ɗinkin Duniya za ka, nan Yamai ba ta da amfani. Na gane dalili, sunan ne ke sa mutum ya tuna jakadu.

Amma ai dokar kasuwancin da muke aiki da ita a Nijar ma ta ƙasa da ƙasa ce. A ƙarƙashin yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda ta daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ƙasashe 17 har da Nijar ke bin dokoki iri ɗaya kan kafa kamfani da jingina da karɓar bashi, kuma kotun ƙoli ta wannan fanni a Abijan take.

Ɗauki ɗan kasuwa a Tahoua da ya ba wani na Sakkwato albasa bashi, kuɗi suka maƙale. Najeriya ba ta cikin OHADA, to dokar wa za a bi, kotun ina za a je? Irin wannan ake karantawa a mastar nan, kuma bankuna da kamfanonin inshora na Yamai suna ɗaukar masu ita.