Jigoku da kaset ɗinmu da suka ɓace

Tun zuwana Japan na lura cewa a tsakiyar zafi, watan Yuli da Agusta, mutanen ƙasar suke sha'awar labaran fatalwa, wai tsoro yana sanyaya jiki. A irin wannan lokaci na kalli fim ɗin Jigoku, wato Jahannama, wanda Nobuo Nakagawa ya shirya a 1960 a kamfanin Shintoho. Aljihun kamfanin ya riga ya bushe, shekara ɗaya bayan haka ma ya karye.

Labarin wani ɗalibi ne, Shiro, yana cikin mota abokinsa Tamura ya banke mutum da dare, suka gudu. Daga nan mutuwa ta riƙa bin na kusa da shi ɗaya bayan ɗaya, har shi kansa. Kashin ƙarshe na fim ɗin a lahira yake, yadda addinin Buddha ya siffanta ta: kogin Sanzu, sarki Enma mai yanke hukunci, da Shiro yana gudu yana neman jaririyarsa da ba ta kai ga zuwa duniya ba. Babu wani gini na a zo a gani. Duhu ne, da hayaƙi, da jan haske, da kukan jariri, amma sai da na kasa barci. Nakagawa ya ɗauko tsoron ne daga abin da mutanensa suka taso suna gani a zanen gidajen ibadarsu, shi ya sa ya kama.

Ba ina cewa mu zana Wuta a fim ba, ni kaina ba zan yarda ba. Amma muna da Dodo, da mayu, da aljanun tsamiya da kuka, duk da haka idan an tambayi masu shirya fim ɗinmu sai su ce kuɗi ne babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne adanawa. Kamfanin ya mutu, fim ɗin bai mutu ba: a 2006 kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da shi a faifai, masoyansa suka ƙaru a duniya. Ni kuwa da na je gida Kano na nemi wani fim ɗin tsoro na kaset da ya firgita mu muna yara. Na zagaya shaguna, na tambayi tsofaffin 'yan kasuwa. Ɗaya ya tuna sunansa, ya ce nasa kwafin ruwan sama ya cinye shi a sito tun da daɗewa.