Wanda aka mayar saniyar ware zai yi magana, amma ba lallai ya faɗi gaskiya ba

Idan aka tambayi yawancin mutane yadda ake tatsar bayani daga bakin wanda ake zargi, amsarsu ɗaya ce: a kulle shi shi kaɗai, a hana shi ganin kowa, a ƙi kula shi har sai ya gaji ya buɗe baki. Babu musu cewa wanda aka ware yakan yi magana. Ra'ayina shi ne maganar da kaɗaici ke fitarwa tana cikin mafi raunin shaidar da mai bincike zai iya kai wa kotu.

A shekarar 2000 masanin halayyar ɗan Adam Kipling Williams da abokan aikinsa sun fito da wani ɗan wasan kwamfuta mai suna Cyberball. Mutum zai zauna a gaban allo yana zaton da wasu mutane yake jifar ƙwallo ta intanet, alhali kwamfuta ce ke sarrafa su. Bayan an jefa masa sau biyu ko uku, sai a daina, su ci gaba da wasansu yana kallo. Cikin 'yan mintoci, duk da cewa bai san su ba kuma babu ko sisi a wasan, sai ya ji darajarsa ta ragu, ya ji ba shi da iko a kan komai, ya ji kamar babu wanda ya san yana wurin. A 2003 Naomi Eisenberger ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan wasa, ta ga wani sashe da ke motsawa lokacin ciwon jiki yana motsawa lokacin da aka ware mutum. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda aka ware sun fi saurin bin amsar da jama'a suka bayar a wani gwaji na gaba, ko da amsar kuskure ce a fili. Wasu nazarce-nazarcen kuma sun nuna cewa akwai waɗanda wariya ke tunzura su zuwa fushi da taurin kai.

To, a ɗora wannan a kan ɗakin tambayoyi. Salon da John Reid, wani tsohon ɗan sanda, ya yaɗa daga Chicago, wanda 'yan sandan Amurka suka daɗe suna koyo, yana farawa ne da keɓe mutum a ƙaramin ɗaki, a yanke shi daga duk wanda zai ƙarfafa masa gwiwa, a toshe duk musun da zai yi, sannan mai binciken ya sassauta murya ya zama shi kaɗai ne mai tausayinsa. Wanda ke cikin wannan hali yana neman wanda zai karɓe shi ne, kuma kuɗin karɓar shi ne ya amsa laifi. A 1955 Reid da kansa ya titsiye Darrel Parker a jihar Nebraska kan kisan matarsa har ya amsa. Washegari ya janye, amma aka ɗaure shi, kuma sai a 2012 jihar ta nemi gafararsa ta biya shi dala 500,000. Haka yara biyar da aka kama kan harin da aka kai wa wata mata a lambun shaƙatawa na Central Park a New York a 1989, masu shekara 14 zuwa 16, suka yi ikirarin abin da ba su aikata ba, sai a 2002 aka wanke su.

Akwai kuma wata hanyar daban. Hanns Scharff, wanda ya riƙa yi wa matuƙan jiragen yaƙin Amurka tambayoyi a Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu, yakan fita da fursuna yawo cikin daji suna hira, ba ya ɗaga murya, kuma da yawansu ba su ankara sun ba shi komai ba. Ali Soufan na hukumar FBI, da ya zauna da Abu Jandal, tsohon mai tsaron lafiyar Osama bin Laden, a Yaman bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya lura bai taɓa biskit ɗin da aka ajiye ba domin yana da ciwon sukari, sai ya kawo masa marar sukari a zama na gaba. Daga nan hira ta buɗe. Kada a ce labarai ne kawai: a 2013 Laurence Alison na Jami'ar Liverpool ya nazarci faifan bidiyo sama da 400 na tambayoyin da aka yi wa masu laifin ta'addanci a Birtaniya, ya ga girmamawa da sauraro suna ƙara yawan bayani mai amfani, tsawa da wulaƙanci kuwa suna rage shi.

Na san wani zai ce wannan ma ai yaudara ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin mai binciken da ya fara jefa mutum cikin kaɗaici na kwana biyu sannan ya shigo da shayi da murmushi bai bar tafarkin Reid ba, kawai ya yi masa ado. Tsarin yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi mai suna PEACE da Ingila ta ɗauka a farkon shekarun 1990, bayan an saki mutum huɗu na Guildford da shida na Birmingham waɗanda aka ɗaure kan hare-haren bam bisa ikirarin ƙarya, ya sa gaba ne a kan tattara bayanin da za a iya tantancewa, ko ya kai ga ikirari ko bai kai ba. Ƙa'idojin Méndez na 2021, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi, su ma hanyar da suka bi ke nan.

A Najeriya dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, da naɗar ikirari a bidiyo. Tanadi ne mai kyau, sai dai ina ganin ya kamata alƙalai su riƙa tambayar awa nawa mutum ya yi a tsare, da wa ya gana, da kuma ko an sanar da danginsa, kafin a kunna kyamarar.