Wai abin da muka koya a makaranta ƙarewa ya yi?

Ranar Talatar nan daga aikin dare na zarce ofishin da ke kula da horar da ma'aikata, ko karyawa ban yi ba. Takardata nake bi, wadda na nemi izini da ɗan tallafi in je taron ƙara wa juna sani na masu aiki a sashen kulawa ta musamman, wato ICU, da za a yi a Abuja. Abuja fa, ba Landan ba. Mota kawai zan shiga a Kwangila, nan Zariya. Tun kafin azumi takardar ke yawo tebur-tebur, alhali shugabar sashenmu ta sa hannu, har ta rubuta a gefe cewa ya kamata in je.

Na yi sallama. Bawan Allah yana cin ƙosai a kan fayilolin mutane, yana shafa waya da yatsa ɗayan da mai bai taɓa ba. Shiru. Na sake sallama, ya ce "uhm" ta hanci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar takardata ce ta taron Abuja."

Sai a lokacin ya ɗago, ya dube ni sama da ƙasa. "Ke likita ce?"

Fararen kayana a jikina, katin aiki a wuyana. Na ce, "Nas ce, a ICU nake."

"To nas me za ta je yi a taro?"

Na haɗiye. Na ce za a yi bita kan na'urar taimakon numfashi da kula da masu guba a jini, kuma mu ne ke tsaye a kansu dare da rana. Ya jawo fayil ɗina daga ƙasan tulin, ya danna masa babban yatsa mai maiƙo daidai kan sa hannun shugabarmu, ya ce, "Sista, wai abin da kuka koya a makaranta ƙarewa ya yi? Allura ce dai da ƙarin ruwa. Ko an sauya wa jijiya wurin zama ne ba mu ji ba?" Wata da ke teburin gefe ta fashe da dariya har da buga cinya.

Na ce ai ko lasisina ba za a sabunta ba sai da shaidar ƙarin ilimi. Ya ce wannan tsakanina da hukumarmu ne, su dai babu kuɗi. Na ce to a ba ni kwanakin kawai, in biya da aljihuna. Ya kishingiɗa a kujera. "Wa zai riƙe miki aikin? Ko da majinyatan za ki tafi Abujan? Ki buɗe YouTube mana, komai yana ciki."

A daidai nan idona ya sauka kan wata takarda a gefen hannunsa: amincewar tafiyar wasu manya zuwa taro a ƙetare, tikitin jirgi, otal, alawus da dala. Ya ga na gani. Sai ya jawo jaridar da aka ƙunso ƙosan ya ɗora a kai, ya ce in dawo wani satin.

To Malam, tunda a ofis ba ka bar ni na ba ka amsa ba, ga ta nan. E, wani sashe na abin da muka koya ya ƙare, wani ma ya koma haɗari. An koya mana cewa yaron da aka kawo jikinsa ya saki da zazzaɓi mai tsanani, a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi kan yara sama da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, aka ga waɗanda aka yi wa wannan ɗurin sun fi mutuwa. Yaran Afirka ne irin namu, masu maleriya da ƙarancin jini, irin waɗanda ake kawo mana daga Giwa da Soba a kafaɗar uba. A 2013 masu bincike a Faransa suka nuna cewa wanda huhunsa ya lalace sosai, in aka kifa shi rub da ciki na aƙalla awa 16 a rana yana kan na'ura, mace-macen na raguwa da kusan rabi. A Yunin 2020, ana tsakiyar korona, aka gano a Ingila cewa dexamethasone, maganin da kowane kemis a Sabon Gari yake da shi, yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Wanne daga ciki ke cikin littafin da na yi jarrabawa da shi?

Sai batun YouTube ɗinka. Ka taɓa ganin yadda ake kifa mutum mai bututu a maƙogwaro? Mutum ɗaya yana kai, hannunsa a kan bututun, shi ke ƙirga, ba mai motsi sai ya ce. Sauran suna gefe biyu riƙe da zanin gado, ana lura da layin ƙarin ruwa, da robar fitsari, da wayoyin ƙirji. A juya shi gefe, a tsaya, a duba iskar jikinsa, sannan a ƙarasa, a gyara fuska kada ido ya danne. Bututun nan in ya zame, cikin 'yan mintuna sai dai salati. Shi ya sa a irin waɗannan tarurrukan ake shimfiɗa mutum-mutumin roba, ki kama da hannunki, wadda ta fi ki sani ta tsaya a kanki ta ce a'a, sake. Waya ba ta riƙe hannun mutum ta gyara masa.

Ba yau aka fara ba, duk wanda ke sa fararen kaya a garin nan ya sani. Taro in na ƙetare ne, sunayen da ke fita su ne dai na bara, mutanen da rabon su da taɓa majinyaci tun muna ɗalibai. Su dawo da jaka mai tambari da biro da hotuna a gaban allo. Ko zaman rabin awa a tara mu a ce ga abin da aka ce, babu. Mu kuma namu rabon shi ne bitar neman makin sabunta lasisi: ki biya kuɗi, ki zauna a zaure mai zafi, a haska rubutun da aka haska shekarun baya, wuta ta ɗauke, a raba shinkafa a roba, a miƙo satifiket. Likitoci matasa ma ba su tsira ba, su kowace shekara ake neman makinsu, mu duk shekara uku, kuma kowa daga albashinsa. Wata abokiyar aikina kwasar adashenta ta zuba a rajista, ranar tafiya aka ce ba wadda za ta karɓe ta, kuɗin suka bi ruwa.

Za a ce ai manyan tarurrukan Turai da Amurka ana bin su ta intanet. Gaskiya ne, da yuro da dala ake biya. Tun da aka saki naira a 2023 wa ke da wannan ƙarfin? In ma kin samu na kyauta, kina Tudun Wada ko Samaru, mai magana zai daskare baki buɗe daidai inda zai faɗi adadin magani, data kuwa tana zuba.

Shi wancan mai ƙosan ƙaramin alhaki ne, abin da ya ga na sama suna yi yake kwaikwaya. A Abujan da aka hana ni zuwa shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi har yau ba mu cika ba. Don me za su cika? Marigayi 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009, marigayi Buhari a asibitin Landan ya cika a 2025, Allah ya jiƙansu. Duk mai muƙami ya san in numfashinsa ya sarƙe ba hannunmu zai faɗo ba, don haka ko mun sani ko ba mu sani ba, bai dame shi ba. A sayo na'ura ta miliyoyi, a yanka zare, a ɗauki hoto, amma kuɗin koya wa mutum biyar sarrafa ta ya gagara, saboda horo ba kwangila ba ne, ba a samun kaso. Sannan a fito rediyo ana kukan ma'aikatan lafiya suna guduwa Ingila da Saudiyya. Waɗanda suka tafi daga sashenmu, asibitocin can da kansu suke tura su kwas, a cikin lokacin aiki, a biya su. Mu da muka zauna ana tambayarmu me nas za ta je yi a taro.

Ku ma jama'a ba zan ƙyale ku ba. In aka rasa majinyaci, mu kuke tarewa a baranda, a zage mu tas, a ce sakaci, wani har ya ɗaga hannu. Amma ɗan majalisarku zai zo unguwa da taliya da atamfa, ku yi layi kuna masa kirari, ba wanda zai tambaye shi nas nawa aka tura horo a mazaɓarsa tun da ya hau. Shi dai jirginsa yana jiran sa, ku kuwa mu ɗin nan za a kawo wa ku da tsakar dare, da ilimin da muka iya saya da ragowar albashi.