Ba kowane sabunta magani ke ɗaukar lambar Z76.0 ba

Masu koyon aikin sanya lambobin cajin kuɗin asibiti a Amurka kan ɗauka duk majinyacin da ya dawo a sake rubuta masa magani, lambarsa Z76.0 ce. Ba haka abin yake ba.

A tsarin ICD-10-CM, wato kundin lambobin cututtuka da dalilan zuwa asibiti, wanda Amurka ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, an ware Z76.0 ne don zuwan da ba a yi komai a cikinsa ba sai sake rubuta takardar magani. Amma mai hawan jini da aka auna jininsa, likita ya tambaye shi ko ƙwayar tana sa shi jiri, sannan ya ce ya ci gaba da sha, ai cutarsa aka duba. Lambar I10, ta hawan jini, ita ce za ta shige gaba. In mai ciwon suga nau'i na biyu ne da ke allurar insulin, kuma cutar ba ta jawo wata matsala ba, sai a sa E11.9, lambar wannan cutar, a biyo da Z79.4, lambar amfani da insulin na dogon lokaci.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rubutun likita. Jera sunayen magunguna kawai ba ya nuna an yi aiki. Kamfanin inshora so yake ya ga sunan maganin, yawan da ake sha, cutar da ake sha dominta, da shawarar likita: a ci gaba, a ƙara, ko a rage. Idan kuwa ta waya aka nemi sabuntawa, likita ya sa hannu kurum, galibi ba a cajin kuɗin ganin likita.