"Ta koma wani wuri" kuka ce. Wane wurin?

Jiya da daddare a teburin mai shayi na kusa barin kofina a cike in tashi. Maganar Alaska ce ta taso, yadda a 2025 gwamnatin Trump ta tashi warware ƙa'idar da aka kafa a 2024 don kare eka miliyan 13 na filin ajiyar man fetur da ke can arewacin jihar, da abin da haƙar mai zai yi wa wata agwagwar teku da ke ƙwai a wurin. Sai wani bawan Allah, mai karatu kuwa, ya kurɓi shayinsa ya ce: "Agwagwa ce fa. Tana da fuka-fukai. In an dame ta, ta tashi ta koma wani wuri."

Wallahi maganar ta ci min rai, don ita ce dai maganar da manyan kamfanoni ke yi, sai dai su suna rubuta ta a takarda mai shafi ɗari.

Babu wani wuri. Wannan shi ne abin da nake so ya shiga kunnen mutane.

Agwagwar teku da ake magana a kai ita ce eider mai tabarau. Namijin kansa kore ne, da farin zagaye a kowane ido mai baƙin layi a gefe, kai ka ce tabarau ya sa. Macen ruwan ƙasa ce, ba ta da ado. Kusan duk shekara a teku suke. Sai wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, da ƙanƙara ta fara saki, su hauro tudu su yi ƙwai. Ƙasar nan ba ta da bishiya ko ɗaya. A ƙasa take yin sheƙa, a bakin ɗan kududdufi, ta tsige gashin ƙirjinta da bakinta ta shimfiɗa wa ƙwan. Namiji ya koma teku ya bar ta. Ita kaɗai za ta yi kwanci kimanin kwana 24, kuma dole 'ya'yan su yi fiffike kafin sanyi ya dawo ya rufe ruwan. Macen kan dawo yankin da ta yi sheƙa bara. To wadda lokacinta yake a ƙidaye haka, yaushe ta ga sararin yawon neman sabon gida?

Ku dubi abin da aka amince da shi a Maris 2023, a zamanin Biden, don kada wani ya ce jam'iyya nake yi wa. Aikin haƙar mai na Willow na kamfanin ConocoPhillips, a cikin wannan filin ajiya: wuraren haƙa uku, ganga kusan dubu 180 a kullum, kimanin ganga miliyan 600 cikin shekara 30. Sai an zuba hanyoyin tsakuwa a kan fadama, a ja bututu, a yi filin saukar jirgi, duk a kusa da tafkin Teshekpuk inda tsuntsayen ruwa ke taruwa duk bazara. Har na'urorin sanyaya ƙasa aka tsara kafawa, don ƙasar da take daskare tun fil azal ta fara narkewa, gini ba zai zauna a kanta ba.

Wasu za su ce ai rijiyar ba a kan sheƙar aka haƙa ta ba. Ba sai an haƙa a kanta ba. Inda mutane suka sauka, shara ta sauka. Shara ta jawo yanyawa. Hankaka, wanda da ba shi da inda zai yi sheƙa a wannan fili, ya samu ƙarfe da hasumiya ya zauna. Mota ta wuce ko jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, uwa ta firgita ta tashi, ƙwai ya zauna a buɗe. Minti nawa hankaka yake buƙata? Shekarar wannan uwa ta tafi ke nan, kuma babu wanda zai ga gawa balle a ce an kashe wani abu.

Kuma ba lafiyayyen garke ake taɓawa ba. A fadamar kogunan Yukon da Kuskokwim da ke yammacin Alaska, adadin masu sheƙa ya faɗi da kusan kashi 96 cikin ɗari daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990. Cikin abubuwan da suka cinye su har da ƙwayar dalma ta harsashin mafarauta, wadda suke haɗiyewa a cikin laka suna neman abinci. Shi ya sa a 1993 Amurka ta sa ta cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, a 1997 aka ƙara da 'yar uwarta eider ta Steller mai haihuwa a Alaska. Gwamnatin da ta rubuta da hannunta cewa tsuntsun nan yana cikin haɗari ita ce ke raba lasisi a ɗakin haihuwarsa.

An ce min ai akwai su da yawa a Rasha. Na sani, mafi yawansu can suke ƙwai. Sai me? Don maƙwabcinka yana da awaki sai a ce naka su mutu ba komai? Na Alaska na Alaska ne, in suka ƙare sun ƙare.

An ce aikin yi da kuɗin shiga. Ban raina abincin kowa ba, kuma na san ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da dama sun goyi bayan Willow. Amma a tambayi mutanen ƙauyen Nuiqsut, su da rijiyoyin suka kewaye, abin da suka ji a Maris 2022 da iskar gas ta yi ta tsiyaya a filin haƙar mai na Alpine, har wasu iyalai suka kwashi yara suka bar gari. Su ma "wani wuri" za a ce su koma?

Wanda ya ce me ya shafe mu kuwa, ban da abin ce masa. Halittar Allah ce, kuma na karanta labarinta, ta shafe ni.

Abin da ya fara sa na so tsuntsun nan ma daban ne. Har zuwa 1995 masana ba su san inda yake yin hunturu ba. Yakan ɓace ne kawai wata da watanni. Sai da aka dasa wa wasu 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, sigina ta fito daga tsakiyar Tekun Bering, kudu da tsibirin St. Lawrence, wurin da ƙanƙara ta rufe ko'ina. Aka tashi jirgi aka je. Daga sama suka hango wasu tabo masu duhu a kan farin ƙanƙara. Da suka sauko ƙasa-ƙasa, ashe agwagi ne, dubbai a kan dubbai, sun cunkushe a ramukan ruwa tsakanin ƙanƙara, jiki na gugar jiki. Daga nan suke nutsewa fiye da mita 40 zuwa ƙasan teku su ɗebo kumba su ci, cikin wannan duhu da sanyi, har bazara ta zagayo. Na daɗe ina kallon hoton nan a wayata, har na aika wa ƙanwata, ta bugo tana tambayata ko tururuwa ce.